Hannuwan da Suka Wanke Matan Garinmu

Gwaggo ta cika ranar wata Laraba bayan sallar asuba, a lokacin matsar rake, sa'ad da garinmu duk yake ƙamshin mazarƙwaila. Waya ta same ni a Zariya ina shirin fita aiki. Ban san yadda na shiga mota ba, ban san yadda na sauka a Kudan ba. Abin da na riƙe kawai shi ne ƙamshin nan da ya tarbe ni a kan babur tun kafin mu shiga yankin Taba, mai zaƙi, mai ɗan ƙauri, yana tafe tare da hayaƙi a saman gonaki. Har yau in na ji ana dafa ruwan rake sai in ga kamar yanzu zan sauka a ƙofar gidanmu in tarar da takalma sun cika bakin zaure.

Maza suna zaune a kan tabarmi a gindin darbejiya. Baba, wanda shi ne ƙanen Gwaggo, yana tsakiyarsu, ya ɗora hularsa a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ya haƙuri?" Sai ya nuna mini cikin gida da haɓa.

A ciki mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Wata tsohuwa tana ta maimaita, "Ta huta, wallahi ta huta da hannun nan." Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, tana share ido da gefen mayafi. Ta ce shekarar da suka sauka a bayan gari ba su san kowa ba, uwarta ta rasu a ruga, Gwaggo ce ta bi ta cikin raɓa har can ta yi mata sutura, ko ruwa ba ta yarda ta sha ba. Maƙwabciyarmu kuwa, wadda suka yi damina biyu ba sa ga-maciji da Gwaggo a kan wata akuya mai cin shanya, ita ta fi kowa kuka. Cewa take, "Yanzu da wa zan yi faɗa in ji daɗi?"

Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai magana ɗaya da ake ta miƙa wa juna a hankali: to ita wa zai yi mata? Tun kafin a haife ni, duk macen da ta rasu a garinmu da rugagen kewaye, Gwaggo ce mai wankanta. Akwai matan da suka karanta yadda ake yi a Islamiyya, amma ba wadda za ta miƙa hannu, kuma kowa ya san dalili.

Inna, mahaifiyata, ta ja ni madafa. Ruwa ya yi ɗumi a tukunya, an daka magarya, an ɗinka likkafani, masu haƙa sun dawo tuni. Ta ce, "Ke ake jira. Wasiyya ta bari. Ta ce kada kowa ya taɓa ta sai Uwata ta zo."

Ni ce Uwata. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga Gwaggo har Baba ba mai iya kiran sunana. Aikina a ɗakin gwajin jini ne, na saba da allura da jini da marasa lafiya, amma gawa ban taɓa taɓawa ba, kuma na taɓa guje wa Gwaggo a kan wannan aiki a ranar da ta fi bukatata. Na tsaya ina kallon labulen ɗakinta, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. A tsayuwar nan, da ba ta wuce a sha ruwa a ajiye kofi ba, zamana da ita duk ya zo ya wuce ta gabana. Shi nake so in rubuta kafin ya dushe.

Tun tasowata na same ta a ɗakin da ke kusa da itacen magarya. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, sai ta dawo gidan ƙanenta ta zauna. Doguwa ce, ba ta da jiki, tana tafiya kamar mai ɗauke da ruwa a ka. Akwai wata ƙwarya da ke rataye a ƙusa a bayan ƙofarta, ba a shan fura da ita, ba a awo da ita. In muka ga an yi sallama an yi ƙus-ƙus da ita, ta sauke ƙwaryar nan ta tsinki magarya, mun san wata ta tafi. Ranar ba ta cin abinci a gidan rasuwa, kuma in ta dawo ba ta cewa komai. Mata masu son jin labari su zo su yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa ta ɓare goro ta miƙa musu ta tambaye su lafiyar awaki.

Maganarta guda ce da kowa ya san ta da ita: "A hankali, tana ji." A ɗakin wanka ta samo ta, amma ta fito da ita ko'ina. In na dire tulu da ƙarfi, a hankali, tana ji. In Inna na tsefe mini kai ina zillo, a hankali, tana ji. Har kaza in an kama za a yanka. Muna yara mun mayar da abin wasa, mu bi ta a baya muna kwaikwayo, ita kuwa ta juyo ta ce da ni, "Uwata, ke da girmanki?" Sai kunya ta kama ni kamar da gaske ni na haife ta.

Hannuwanta a lokacin dogaye ne, masu sanyi. Na tuna ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta ɗora tafinta a goshina, na ji kamar an buɗe taga. Da su take yi mini kitso, da su take murza gyaɗa ta busa ta zuba mini a baki.

Ina ajin ƙarshe a firamare ciwon ya fara. Da asuba sai ta kasa riƙe buta. Yatsun su ƙage, na dama da na hagu tare, gaɓoɓin su kumbura, sai rana ta ɗaga sosai sannan su saki. Inna ce ke zuba mata ruwan alwala. Daga yatsu ya hau wuyan hannu, daga nan ya sauka gwiwa, ga kasala, ga rama, abinci ma ta daina marmari.

Garinmu ba ya rasa bayani. Aka ce sanyin gawa ne. Wai shekara da shekaru tana taɓa matattu, sanyinsu ya bi ta farce ya shige ƙashi. Tunda sanyi ne kuwa, ai sai wuta. Aka ajiye mata kasko da garwashi, aka soya rairayi aka ƙulla a tsumma aka ɗora mata, Baba ya kira wanzami ya yi mata tsaga a bayan hannu ya kafa ƙaho. Da zuciya ɗaya aka yi duk wannan, don kowa na son ta. Ita kuwa sai ta miƙa hannun ga duk wanda ya zo dubiya ta ce, "Ku taɓa ku ji. Ni na san sanyin gawa fiye da ku duka. Wannan zafi ne." Su taɓa da kan yatsa, su janye da sauri, su ce Allah ya sawwaƙe.

Abin da maganar nan ta jawo shi ne, mata biyun da suke taya ta wankan gawa suka ja da baya. Iyaye suka hana 'ya'yansu kusantar ƙwaryar. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, in ta miƙo mini goro sai in karɓa da gefen zane. Wadda ta rage mata ita ce aminiyarta, wata gajeriyar tsohuwa mai yawan dariya da suka yi tallan gyaɗa tare tun suna 'yan mata. Sun yi alkawari a tsakaninsu, duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta.

Sai da na yi karatu na fara aiki sannan na iya ɗaukar ta zuwa babban asibiti a Zariya. A lokacin yatsun sun fara karkata waje, kamar dawa in iska ta bi ta kanta. Likitar gaɓoɓi ta duba, ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannun. Ta ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, kuma abin da ya riga ya lanƙwashe ba zai miƙe ba, amma ana iya tsayar da sauran. Gwaggo ta yi ta cewa to, to. Da muka fito ta ce, "Uwata, matar nan tana da kirki, amma ban ji ko ɗaya ba."

A gindin magarya na yi mata bayanin, da la'asar, inuwar ganye na yawo a kan zanenta. Na ce, "Gwaggo, a jinin kowa akwai masu tsaro, ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. In ƙaya ta soke ki, ko wata cuta ta shigo, waɗanda suka fara gani sai su saki wani ƙanƙanin furotin, mu a wurin aiki saitokin muke ce masa. Aikinsa kira. Shi ke gaya wa hanyoyin jini su buɗe, ya gaya wa sauran masu tsaro ga inda ake neman su. Taruwar da suke yi ita ce kumburin, ita ce zafin."

Ta ce, "To ai alheri ne."

Na ce, "Alheri ne in an gama an watse. Akwai wasu saitokin ɗin da aikinsu sallama, su ce ya isa, kowa ya koma. A jikinki masu tsaron ne suka yi kuskure, suka ɗauki tantanin da ya lulluɓe gaɓoɓinki a matsayin baƙo. Masu kira suna ta kira, masu sallama ba a jin su. Wanda ya amsa kiran ya iso, shi ma sai ya saki nasa. Tantanin ya yi kauri, ruwa ya taru, kuma a cikin waɗanda ake tasowa har da masu cin guringuntsi da ƙashi."

Ta dubi hannunta. Can ta ce, "Ihun matar maƙeri ke nan."

Ban san labarin ba, sai ta ba ni. Wata shekara wuta ta kama tarin tuƙar rake a bayan gidan maƙeri. Bokiti biyu aka zuba ta mutu. Amma matarsa ta riga ta hau katanga tana ihu, idonta a rufe, ba ta san an kashe ba. Mutanen unguwanni suka kwaso a guje, kowa na gudu yana ƙara nasa ihun, na nesa na jin na kusa. Suka tumɓuke zana, suka yaye jinkar ɗakin da wuta ba ta taɓa ba, suka kwarara ruwa a rumbu har dawar shekara ta ruɓe. Ta ce, "Duk taimako suka zo yi. Ni na hau turmi na rufe mata baki da tafin hannuna."

Wallahi a duk malaman da suka koyar da ni ba wanda ya faɗe shi haka. Na zauna ina kallon ta, tana dariya ƙasa-ƙasa don ta ga ta burge ni.

Ta tambaye ni me ya sa ya fi tsanani da asuba. Na ce masu kiran sun fi yawa a jini gab da wayewar gari. Ta ce kasalar fa? Na ce kiran ba a hannu kaɗai yake tsayawa ba, yana zaga jiki, ya kai hanta ta saki wani abu da muke aunawa mu san ƙarfin ciwon, ya rage jini, ya kashe marmarin abinci. Na gaya mata akwai wata allura da ke kama mai kira guda ɗaya ta rufe masa baki, sai dai samunta da wuya, kuma sai an ajiye ta a firij, mu kuwa wutar garinmu sai ta ga dama. Ta ce, "In kun rufe masa baki gaba ɗaya, ranar da wuta ta gaskiya ta tashi fa?" Na ce abin da likitocin ma suke tsoro ke nan, shi ya sa ba a fara ta sai an binciki mutum ko yana da tarin fuka a ɓoye.

Sai ta yi tambayar da na san ita ce a ranta tun farko. "To gawa fa?"

Na ce, "Ba ruwan gawa, Gwaggo. Akwai masu wannan ciwo da ba su taɓa ganin gawa ba. Ya fi kama mata, akwai gado a ciki, akwai abin da har yanzu ba a gano ba. Amma ba aikinki ne ya jawo ba."

Wani ganye ya faɗo a cinyarta ta bar shi. Sannan ta ce, "Ki gaya wa matan gari." Na gaya musu, a gidan suna, a gidan biki, a bakin rijiya. Su ce to, Allah ya ƙara ilimi, hannuwansu kuwa suna cikin mayafi.

Maganin da likita ta ba ta ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a mako, mai kwantar da masu tsaron, sai a riƙa duba jini da hanta. Muka zaɓi Juma'a don kada ta manta. Bayan 'yan watanni ta kira ni a wayar Baba ta ce, "Uwata, yau ni na riƙe butata." Daga lokacin na ɗauki wata al'ada. Duk zuwan da na yi, kafin in gama gaisuwa sai in ɗora bayan hannuna a kan gaɓoɓin yatsunta in ji zafin. Yakan ragu, yakan ƙaru, amma bai taɓa barin su gaba ɗaya ba.

Faɗanmu ma a kan ƙwayar nan ne. Gwaggo ba ta iya cin abu ita kaɗai, ko goro ne sai ta raba shi huɗu. Da ta ga magani ya yi mata, sai ta ga ai rowa ce ta bar aminiyarta na ɗingishi da gwiwa. Ta ƙulla mata rabi a leda. Aminiyar kuwa ta sha shi yadda ta saba shan kowane magani, kullum safe. Na zo hutun ƙarshen mako na tarar da ita bakinta duk gyambo, ko koko ba ta iya haɗiya. Da na ga ledar sai na gane abin da ya faru, ƙwayar nan kuwa in aka sha ta kullum tana iya kisa. Muka kwashe ta sai asibiti a Makarfi. Allah ya sa da sauran kwana.

Na dawo gida na sauke wa Gwaggo kwandon faɗa a tsakar gida, a gaban kowa. Na ce gwiwar ƙawarta gogewa ta yi saboda shekaru da noma da daka, babu wani ihu a cikinta, ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na ce ta kusa kashe mutum, ga shi ita ma ta yi makonni tana tsallake nata har yatsun sun ƙara karkata. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Sunan uwata aka ba ki, ba shekarunta ba." Ta shige ɗaki ta saki labule. Wata guda ba mu yi magana ba. Sai ga direban motar garinmu ya kawo mini ƙunshi a wurin aiki, mazarƙwaila ce guda uku, ba saƙon komai. Na zauna a bayan ofis ina ci ina kuka.

Bayan shekara biyu aminiyar ta rasu, ciwon ajali, ba ruwan ƙwaya. Ranar Lahadi ce ina gida. Gwaggo ta zo bakin ɗakin Inna da ƙwarya a hammata, don yatsun ba sa iya riƙe ta. Ta miƙo mini hannuwan nan biyu ta ce, "Uwata, ara mini naki. Ni zan faɗa, ke ki yi."

Na ce ina da aikin yamma, in ban tafi yanzu ba zan rasa mota. Ƙarya nake, ba ni da aiki sai Litinin. Ta dube ni, ta san ƙarya nake, na san ta sani. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Inna ce ta ba ni sauran labarin. Gwaggo ta sa aka ɗaure mata ƙyalle a wuyan hannu biyu, da su ta yi wankan. Inna na tsaye a baya tana zuba ruwa, ta kau da kai. Aikin da ba ya wuce ɗan lokaci ya kai su har maza suka gaji da jira suka yi azahar. Ta cika alkawarinta, amma ta yi mako hannuwan na kumbure kamar an hura su, mata kuwa suka ce, kun gani ko. Ni da na san saitokin, na san babu wani sanyi da ke bin farce, ni na gudu. Gudun nan nawa ya fi duk surutun gari ƙarfafa maganar, don cewa aka yi in har 'yar asibiti ta tsere, ai akwai abin da ta sani. Ba ciwo nake tsoro ba. Fuskar da ba ta motsi nake tsoro, tun ina yarinya, kuma karatu bai cire mini ba.

Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Sai a daminar da ta wuce, wata ranar da aka ɗauke ruwa, magarya na ɗiga, ƙasa na tashin ƙamshi, ta ce, "Ɗauko tabarmar can ki naɗe." Na naɗe. Ta ce in kwantar da ita in rufa mata zane. "Wannan mace ce, ta haifi takwas, ta gaji. Gaishe ta." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta koya mini yadda ake naɗe ƙyalle a hannu, yadda ake wankewa ta ƙarƙashin zane ba a yaye ba, a yi alwala, a fara da dama, a juya a koma hagu, sau uku ko biyar, kafur a ruwan ƙarshe, gashi a yi masa kalba uku. Ta ce abin da ido ya gani a ɗakin, a ɗakin ake barin sa, kuma ba a bari hawaye ya ɗiga a kan mamaci. Da na juya tabarmar da gaggawa sai ta ce, "A hankali, tana ji." Muka yi ta yi har kaji suka fara shiga akurki. Da za ta tashi ta dafa kafaɗata da wuyan hannu ta ce, "Uwata ce ta wanke ni da na zo duniya. Ban ga dalilin da zan canja ba."

Wannan maganar ce ta ɗaga mini ƙafa a ranar Larabar. Na ce wa Inna ta ɗauko ruwan. Na dubi matar ƙanena, yarinya ce mai ƙarfin hali, na ce ta zo ta taya ni juyi. Ta dubi Inna, uwar mijinta, ta dubi hannunta, sannan ta biyo ni. Na sauke ƙwaryar daga ƙusa da kaina.

Abin da na gani a ɗakin na bar shi a can, yadda ta koya mini. Hannuwan kaɗai zan faɗa, don su ita da kanta ta yi shekaru tana miƙa wa mutane tana cewa ku taɓa ku ji.

Da na zo alwala na ɗauki na dama. Ga yatsun a karkace, ga gaɓoɓin sun yi ƙulu-ƙulu, ga layukan tsagar wanzami a jere a baya. Sai na ji ina so in miƙar da su, ko sau ɗaya, ta tafi da dogayen hannuwan da na sani ina yarinya. Har na fara dannawa. Sai na ji bakina da kansa ya ce, "A hankali, tana ji." Inna ta saki wani sauti a bayana. Na bar su yadda suke, na bi tsakaninsu da ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Sannan, ban ma san na yi ba, na ɗora bayan hannuna a kan gaɓoɓin kamar yadda na saba in na zo gaishe ta. Babu zafi. Tun ina 'yar firamare rabon da in ji hannun nan da sanyi, irin na ranar da ta dafa goshina. Masu kiran sun yi shiru, an sallami kowa. Na juya fuskata bango da sauri don kada ya ɗiga a kanta, na gama kukana, na juyo na ci gaba da na hagu.

Kwana ukun zaman makoki, mutane suka zo daga Malikanchi, daga Ikara, daga rugage, kowa da wadda Gwaggo ta wanke masa. Na lura duk safiya idon mata a kan hannuna yake, in na ɗauki buta, in na miƙa kwano. Ban ce musu komai ba, na riga na yi bayani shekara da shekaru. Na dai riƙa fitowa da asuba ina alwala a tsakar gida inda kowa zai gani. Ranar da zan koma, matar ƙanena ta raka ni zaure ta tambaye ni inda za a kai ƙwaryar. Na ce a bar ta a ƙusarta. Sai ta ce, "Yaya, in an kira ki, ki kira ni."

Ya Allah, baiwarka ce, ta zo maka da hannuwa a lanƙwashe. Da su ta juya bayinka mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa yi wa ko ɗaya da ƙarfi ba, ba ta taɓa tona asirin ko ɗaya ba. Ka rufa mata nata, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da uwarta ta gaskiya. Ka yi mata a hankali.